Kiyaye Ƙafa Daga Ruwa In Ana Hawan Keke Da Damina

Manomi, a watan Yuli da na Agusta, lokacin marka, aikin gona ya fi yawa: ga maimai, ga sa taki, ga huɗa. A nan ne kuma hanya ta fi lalacewa. Wanda ya hau keke safe da yamma cikin taɓo, ya yini da ƙafa a jiƙe, cin ruwa na iya kama shi. Tsakanin yatsu ya yi fari, ya tsage, ya riƙa ƙaiƙayi da zafi. In datti ya shiga, sai ya zama gyambo. Mako guda kana jinya a gida ya isa ciyawa ta danne maka dawa.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Yawancin ruwan da ke jiƙa ƙafar mai keke ba daga sama yake saukowa ba. Tayar gaba ce take kwaso shi daga ƙasa, ta watso shi daidai kan feda. Saboda haka daga keken za a fara gyara.

Gyaran keke

1. Kada ka cire marfin tayar gaba don yana ƙara. Ɗaure shi da kyau.
2. Yanko roba daga tsohuwar jarka, faɗin inci 4, tsawon inci 8. Huda ta, ka ɗaure da waya a ƙarshen marfin, ta sauko har saura kamar inci 4 ta taɓa ƙasa. Ita za ta tare ruwan.
3. In ka iso kududdufi, rage gudu. Ka tuna birki ba ya ci sosai in ƙarfen taya ya jiƙe, don haka ka kama shi da wuri.

Takalmi

Doguwar takalmin roba ta fi kowace. Sa safa a ciki don ta sha gumi. Ka bar ƙafar wando a waje, ta rufe bakin takalmin. In ka cusa ta ciki, ruwan da ke bin wando zai gangara cikin takalmin ya taru. Ɗaure ƙafar wandon da igiya kada sarƙa ta kama.

In ba ka da halin sayen wannan, sa leda a kan safa kafin ka sa takalmi. Amma da ka isa gona ka cire ta, domin leda tana tara gumi, gumi kuwa yana cin ƙafa kamar ruwa. Kada ka yi amfani da ledar maganin feshi ko ta maganin iri, ko da an wanke ta. Dafin yana shiga ta fata.

Riƙe busasshiyar safa guda cikin leda a aljihu don komowa.

Ruwan da za a guje wa

Kada ka sauka ka tura keke ba takalmi cikin tafki ko ruwan fadama da ke kwance. Ƙwayar tsargiya tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin irin wannan ruwa, ta huda fata ta shiga jini. Gara ka zagaya ko da hanya ta ƙara nisa.

In ka komo gida

1. Wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai tsabta.
2. Goge ta sarai, musamman tsakanin yatsu. Man kaɗanya a diddige za a shafa shi, ban da tsakanin yatsu.
3. Kife takalmi a kan sanda inda iska ke bugawa. Kada ka kai shi kusa da murhu, wuta tana ɓata roba.
4. Da safe ka kakkaɓe shi kafin ka sa, saboda kunama.

In ka ga ƙafa ta kumbura, ko tana ruwa, ko ciwo ya yi mako bai warke ba, tafi asibiti. Mai ciwon sukari kuwa kada ya jira ko kwana guda, domin ƙaramin rauni a ƙafarsa yana saurin ɓaci.

Tsohuwar jarka da 'yar waya ba su kai kuɗin magani ba. Gyara kekenka tun kafin marka ta kama.