Asfandyar Wali Khan: Siyasar Akwatin Zaɓe a Ƙasar da Bom Ke Tashi

A ranar 2 ga Oktoba, 2008, ana cikin shagalin ƙaramar Sallah, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa cikin masu gaisuwar Sallah a Wali Bagh, gidan gado na Asfandyar Wali Khan da ke Charsadda, a arewa maso yammacin Pakistan. Mutum huɗu suka rasu, shi kuwa Allah Ya yi da sauran kwanansa. Watanni takwas kafin nan jam'iyyarsa, Awami National Party (ANP), ta samu nasarar da ba ta taɓa samun irinta ba.

An haifi Asfandyar a 1949, cikin gidan da siyasa ta zame musu gado. Kakansa, Khan Abdul Ghaffar Khan, wanda 'yan ƙabilarsu Fashtunawa ke kira Bacha Khan, shi ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar a 1929, ya tara dubban mutane masu jajayen riguna suka ƙalubalanci mulkin Ingila ba tare da ɗaukar makami ba. Mahaifinsa, Khan Abdul Wali Khan, ya jagoranci 'yan adawa a majalisar tarayya zamanin mulkin Zulfikar Ali Bhutto. Da aka haramta jam'iyyarsu ta wancan lokaci a 1975, uba da ɗa duk sun sha ɗauri.

Asfandyar ya fara shiga majalisar lardinsu a 1990, shekarar da mahaifinsa ya faɗi zaɓe ya kuma ajiye takara. Ya ci kujerar majalisar tarayya a 1993 da 1997, sannan ya karɓi shugabancin ANP a 1999. A 2002, lokacin da fushin mamayar da Amurka ta yi wa Afghanistan ya cika zukatan Fashtunawa, haɗakar jam'iyyun malamai ta MMA ta share lardin, shi ma ya rasa kujerarsa. Shekarar da ta biyo baya ya tafi majalisar dattawa.

A zaɓen Fabrairun 2008 jama'a suka juya wa malaman baya. ANP, mai alamar fitila, ta zama babbar jam'iyya a majalisar lardin, Ameer Haider Khan Hoti ya zama babban minista, Asfandyar kuma ya koma majalisar tarayya daga Charsadda. A wannan zangon ne ya cim ma burin da gidansu ya daɗe yana nema. Lardin yana ɗauke da sunan da Turawan mulkin mallaka suka laƙaba masa, wato Lardin Iyakar Arewa Maso Yamma, sunan da bai ambaci mutanen da ke cikinsa ba. Gyaran kundin tsarin mulki na 18, a Afrilun 2010, ya mayar da shi Khyber Pakhtunkhwa, sunan da ya ambaci Fashtunawa, ya kuma ƙara wa larduna iko kan ilimi da lafiya da wasu fannoni.

Sai dai mulkin ya zo da jini. Gwamnatin ANP ta gwada sulhu da masu ɗauke da makamai a kwarin Swat a farkon 2009. Sulhun ya rushe, sojoji suka shiga, mutane kusan miliyan biyu suka bar gidajensu. Taliban ta Pakistan ta sa jam'iyyar a gaba. An kashe ɗaruruwan 'ya'yanta. An harbe ɗan Mian Iftikhar Hussain, ministan yaɗa labarai na lardin, a 2010, aka kashe babban jigo Bashir Ahmad Bilour da bom a Peshawar a Disambar 2012.

Da zaɓen 2013 ya ƙarato, Taliban ta ambaci ANP cikin jam'iyyun da za ta kai wa hari. Wasu jam'iyyu na cika filaye da gangami, 'yan takarar ANP kuwa sai ƙananan taruka a bayan katanga. Jam'iyyar ta sha mummunan kaye, Asfandyar ya faɗi a Charsadda, PTI ta Imran Khan ta karɓi lardin. A 2018 ya sake faɗuwa, kuma a wannan kakar ne bom ya kashe Haroon Bilour, ɗan Bashir, yana tsaka da yaƙin neman zaɓe.

Gaskiya ce cewa barazana kaɗai ba ta kayar da ANP ba. Zarge-zargen cin hanci sun dabaibaye gwamnatinta, matasa sun gaji da siyasar gado, kuma magoya baya da yawa sun ji zafin yadda shugabansu ya rage zama a cikinsu bayan harin 2008. Yau ɗansa, Aimal Wali Khan, ke riƙe da jam'iyyar, abin da ya ƙara wa masu sukar hujja.

Duk da haka, wanda zai yi wa Asfandyar hisabi ya kamata ya haɗa da abin da alƙaluman zaɓe ba sa nunawa. Jam'iyyarsa ta kira ta'addanci da sunansa a lokacin da manyan 'yan siyasa da dama suka kame bakinsu, ta binne mutanenta, ta kuma ci gaba da neman mulki ta hanyar ƙuri'a. Zaɓen da ɓangare ɗaya ke yaƙin nemansa a fili, ɗayan kuma yana ɓoye don tsira da rai, hukumar zaɓe na iya ƙirga ƙuri'unsa daidai, amma ba a ba masu zaɓe damar jin kowa ba.