Ƙasa ko Ruwa: Ina Yankakken Reshe Ya Fi Kamawa?

Kariya da aguwa da moda da zabuwa, 'yar'uwar aloe vera da ake sayarwa cikin tukwane a bakin titi, hali ɗaya ne ya haɗa su: suna ajiye ruwa a ganye ko kara ko gindi, su ci rani da shi. Wannan hali ya isa ya raba gardamar da masu sha'awar furanni ke yi, wato ko a tsoma yankakken reshe a kwalbar ruwa har ya yi saiwa, ko a kafa shi a ƙasa. Ƙasa ta fi, muddin mai yashi ce da ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

Hujjar tana gonakin Nijar da arewacin Najeriya, inda manoma suka daɗe suna shinge da aguwa. Reshe suke sara su kafa a busasshen rairayi, babu mai bin sa da ban ruwa, kuma ya kama. Reshen da aka yanke ya taho da guzurinsa, don haka ƙishirwa ba ta cika kashe shi ba, ruɓa ce ke kashe shi. Wurin yankan rauni ne, kuma in ya jiƙe kafin ya ƙame, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Shi ya sa ake ajiye reshe a inuwa kwana 3 zuwa 7, mai kauri ma fiye da haka, sai bakin ya bushe. Ban da haka, saiwa tana shaƙar iska. Tsakanin ƙwayoyin yashi akwai iska a wadace, amma ruwan kwalba kaɗan yake riƙewa, kuma da ya ɗumama a zafin Afrilu sai ɗan abin da ke ciki ya ƙara raguwa.

Masu son kwalba suna cewa a ruwa ido na ganin saiwa tana fitowa, wani lokaci ma da sauri. Gaskiya ne, kuma ganyen moda kan yi saiwa a ruwa in ana canja shi a kai a kai. Sai dai ganin saiwa ba shi ne kamawar dashe ba. Saiwar da ta tsiro a ruwa ba ta da ƙwari, tana karyewa wajen dasawa, kuma sau da yawa shukar kan tsaya cak har ta fitar da sabuwa da ta dace da ƙasa. Aiki biyu ke nan. Ga kuma batun sauro: irin wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengue a cikin ɗan ruwan mazubi yake ƙwai, kuma kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi.

Wanda ya gwada ƙasa ya ga ruɓa, yawanci laka ya sa, ko ya cika ban ruwa. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi, da yashin rafi gauraye da ɗan dakakken gawayi, sun wadatar, kuma a jira kamar mako guda kafin a yayyafa ruwan farko. Ita aloe vera kuwa ganyenta ruɓewa yake yi a ko'ina aka sa shi. 'Ya'yan da ke fitowa a gindinta ake cirewa da saiwarsu. Mai yankan aguwa ko kariya ya wanke hannu da sabulu, domin ruwan aguwa yana ƙona ido, na kariya kuwa guba ne.