Me Ya Sa Muryar Na'ura Ke Shiga Rai?

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, har Doguwa a gefen dajin Falgore, masu waya da yawa sun fi sabawa da saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutu. Shi ya sa batun manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu magana kamar mutum ya shafe mu, tun da Meta AI ta shigo WhatsApp a Najeriya a Afrilun 2024.

A Mayun 2024 kamfanin OpenAI ya gabatar da GPT-4o, mai amsawa da murya nan take, har da dariya. A Agusta kamfanin da kansa ya yi gargaɗin cewa mutum na iya shaƙuwa da muryar har ya rage neman 'yan'uwansa.

Na'urar ba ta gajiya, ba ta fushi in an katse ta, kuma sau da yawa ra'ayin mai magana take bi. Alhali hasashen kalmomi kawai take yi daga bayanan da aka horar da ita da su. Abin damuwar ya fi shafar matashi mai zaman kaɗaici ko matar da mijinta ya tafi cirani. Abokin majalisa kan faɗa maka gaskiya ko da ɗaci, ita kuwa ta fi karkata ga lallashi. Sirrin da aka faɗa mata ma yana iya zama a ma'ajiyar kamfani.

A Agustan 2025 da OpenAI ya janye GPT-4o, masu amfani da ita sun yi ta kokawa kamar an raba su da amini, har kamfanin ya dawo da ita ga masu biyan kuɗi.