Mosque, Mecca da Mohd: Abin da Yake Gaskiya da Wanda Ba Shi Ba

Shekara da shekaru ke nan wani saƙo yana yawo a wayoyin Musulmi, yana gargaɗin a daina rubuta wasu kalmomin Turanci saboda wai zagi ne Turawa suka ɓoye a cikinsu. A Mando, inda sansanin alhazan Jihar Kaduna yake, batun yakan taso idan lokacin aikin hajji ya ƙarato, domin sunan Makka na kan jakunkuna da takardun maniyyata. Masu tura saƙon kishin addini ne ke motsa su, sai dai yawancin abin da ke ciki ba shi da tushe.

Da'awar da ta fi yaɗuwa ita ce wai mosque, wato masallaci, ta samo asali daga mosquito, wato sauro, domin wai Sarki Ferdinand na Sifen ya yi alwashin murƙushe Musulmi kamar sauro. Wannan ba gaskiya ba ne. Asalin mosque shi ne masjid na Larabci. Mutanen Sifen, waɗanda suka zauna da Musulmin Andalus na ƙarnuka, suka karɓe ta a matsayin mezquita, ta bi ta harsunan Italiya da Faransa, kafin ta zauna a Turanci da siffarta ta yau. Ana amfani da mezquita tun ɗaruruwan shekaru kafin Ferdinand ya ci Garnaɗa a 1492, kuma har gobe da wannan sunan ake kiran babban masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajajen 785. Shi kuwa mosquito dangin wasu ne dabam: daga mosca ya fito, ƙuda a harshen Sifen, aka ƙara masa ɗafin ƙanƙantawa, ma'anarsa ɗan ƙuda. Tushensa Latin ne. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya faru da masjid a bakin Turawa shi ne ya faru da kalmomi da yawa a bakin Bahaushe. Al-kitab ya zama littafi, Muhammadu ya zama Mamman, kuma babu wanda ya ɗauki hakan raini. Kowane harshe yana lanƙwasa baƙuwar kalma yadda zai iya furta ta.

Da'awa ta biyu ita ce wai Mecca na nufin gidan giya. Babu ƙamus ɗin Turanci da ya ba ta wannan ma'ana. Tsohuwar hanyar rubuta Makka ce da haruffan boko. Amma akwai ƙwayar gaskiya a gefe. Turawa suna amfani da kalmar, da ƙaramin baƙi, don nufin duk wurin da jama'a ke tururuwa zuwa, har a Ingila akwai gidajen caca masu ɗauke da sunan, abin da ya daɗe yana ɓata wa Musulmi rai, kuma da hujjarsu. Gwamnatin Saudiyya ta mayar da Makkah rubutun hukuma a shekarun 1980, don ya fi kusa da lafazin Larabci. Wanda ya zaɓi Makkah ya yi daidai, ba tare da buƙatar labarin giya ba.

Zancen cewa Mohd na nufin kare mai babban baki ƙirƙira ce tsagwaronta. Musulmi ne da kansu suke taƙaita sunan Muhammad haka a Malesiya da Indiya da Nijeriya. Malamai da dama sun fi son a rubuta sunan Annabi (SAW) cikakke don girmamawa, kuma wannan dalilin kaɗai ya wadatar.

Moslem kuwa tsohon rubutu ne na Muslim. Ƙorafin da ake yi a kansa yana da ɗan asali, domin Turawa kan furta shi da sautin z, sai ya yi kama da kalmar Larabci mai tushe ɗaya da zalunci da duhu. Yawancin jaridun Turanci sun daɗe da barinsa.

Abin da ya cancanci a yaɗa a maimakon waɗannan shi ne tarin kalmomin da Turanci ya ara daga Larabci da gaske. Algebra daga al-jabr take, kalmar da ke cikin sunan littafin da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen 820, kuma sunansa ne ya rikiɗe ya zama algorithm, wadda masana kwamfuta ba sa wuni ba su ambata ba. Zero daga sifr take ta hanyar Italiya, tushe ɗaya da sifili na Hausa. Coffee ta biyo ta Turkiyya daga ƙahwa, wadda Hausawa ke ce wa gahawa. Sugar ta zo daga sukkar, amma Larabawan ma daga Farisa suka karɓa, Farisawa kuma daga Indiya. Shi ya sa a teburin mai shayi a tashar Mando wani zai ce a ƙara masa sukari, wani ya ce suga, kalma ɗaya ce da ta shigo Hausa ta ƙofa biyu.

Alcohol ma Larabci ce, amma ba daga al-ghul, aljanin da wai ke cinye jiki, kamar yadda wani saƙon ke cewa ba. Daga al-kuhl take, kwallin da ake zizarawa a ido. Masu harhaɗa magunguna a Turai sun fara kiran duk garin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai da wannan suna, daga baya suka faɗaɗa shi zuwa tataccen ruwan kowane abu, har a ƙarni na 16 likita Paracelsus ya yi amfani da shi ga abin da ake tacewa daga giyar inabi. Daga nan ma'anar barasa ta rinjayi ta farko.