Hular Jariri da Sanyin Hunturu a Fadamar Rima: Kimiyyar da ke Cikin Saƙar Hannu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Wurno ko Goronyo a cikin watan Disamba ko Janairu ya san cewa sanyin asuba na gaɓar Gulbin Rima ba abin wasa ba ne. Haka lamarin yake a Rabah da ke bakin Gulbin Sakkwato. Ƙasar da zafinta kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos cikin watan Afrilu, ita ce kuma ma'auni kan sauko kusan digiri 15 a cikinta kafin gari ya waye, wani daren ma ƙasa da haka. A wannan lokaci ne mata da 'yan mata kan fito da tsinkayen saƙa da kwarashi, su duƙufa wajen saƙa huluna da safa da suwaita da mayafin jarirai, wasu don sayarwa, wasu kuwa don kai wa 'yar'uwa ko ƙawa a matsayin kayan barka. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki, wato hular jariri, domin fayyace abin da ilimin halittu ya gano game da amfaninta, da zaren da ya dace da ita, da kuma lokacin da ya kamata ta iso hannun mai jego.

Dalilin tsananin sanyi a fadama

Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Hamadar Sahara, ba ta ɗauke da laima. Tururin ruwa da gajimare su ne ke zame wa ƙasa mayafi da daddare, domin suna tare zafin da ta sha da rana. Idan babu su, sai zafin ya tsere sama da zarar rana ta faɗi. Bugu da ƙari, iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka takan gangaro daga tudu ta kwanta a kwari. Shi ya sa ƙauyukan da ke kusa da fadama, inda ake noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa da ruwan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, sukan fi na kan jigawa jin sanyin asuba.

Jikin jariri da asarar ɗumi

A cikin mahaifiyarsa jariri yana zaune ne a ɗumin da ya kai kimanin digiri 37. Da an haife shi sai ya faɗo jiƙe cikin ɗakin da bai kai haka ba, nan take ya fara asarar ɗumi ta hanyoyi huɗu: bushewar ruwan da ke jikinsa, da taɓa abu mai sanyi kamar tabarma ko daɓe, da iskar da ke ratsa ɗaki, da kuma zafin da jiki ke fitarwa zuwa ga bango mai sanyi ko da bai taɓa shi ba.

Abubuwa uku ne suka sa ya fi babba shiga hatsari. Na farko, idan aka gwada faɗin fatarsa da nauyinsa, za a taras ya ninka na babba sau biyu zuwa uku, ga shi kuma kitsen da ke ƙarƙashin fatar kaɗan ne. Na biyu, kansa kaɗai ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin jikinsa, alhali na babba bai kai ɗaya cikin goma ba. Na uku, jariri ba ya iya makyarkyata sosai don ya samar wa kansa ɗumi. Abin da yake dogara da shi wani kitse ne mai ruwan ƙasa da ke tsakanin kafaɗunsa da wuyansa da kewayen ƙodarsa. Ƙona wannan kitse yana cin sukarin jini da iskar oksijin masu yawa, don haka jaririn da ya daɗe cikin sanyi yakan yi laushi, ya kasa kama nono, numfashinsa ya yi wuya. Da yake kitsen yana taruwa ne a ƙarshen ciki, bakwaini da jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba su suka fi kowa rauni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa ɗumin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5 ne. Ƙasa da 36.5 sanyi ya kama shi, ƙasa da 32 kuwa rayuwarsa na cikin hatsari. Daga cikin shawarwarinta akwai a tsane shi da zarar ya faɗo, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a jinkirta wankan farko har awa 24, ko aƙalla awa 6 idan al'ada ta matsa, sannan a sa masa hula. Tsarin nan na ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa, wanda likita Edgar Rey ya faro a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya a 1978, shi ma da hula ake yin sa, domin kan jaririn ne ke zama a waje.

Sirrin ɗumi yana cikin iska

Sau da yawa akan ɗauka cewa zaren ne ke ba da ɗumi. Hasali ma, tufafi ba ya ƙirƙirar zafi. Aikinsa shi ne ya tsare wanda jiki ya samar. Iskar da ba ta motsi tana daga cikin abubuwan da zafi ke wahalar ratsawa, ruwa kuwa ya fi ta saurin ɗauke zafi fiye da sau 20. Kyakkyawar hula ita ce wadda ta kama iska mai yawa a cikin ƙananan gurabe, ta hana ta yawo.

A nan ne saƙar tsinke ta bambanta da ta masaƙa. A masaƙa, zaren tsaye da na kwance ne ke gittawa a miƙe, shi ya sa gwado da luru suke da ƙarko amma ba sa talewa. A saƙar tsinke kuwa zare ɗaya ne tal ake lanƙwasawa, kowane zagaye ya sarƙe cikin ɗan'uwansa. Wannan zagayen za a kira shi ido a nan. Kowane ido ɗan ɗaki ne na iska, kuma idan aka ja saƙar sai idanun su miƙe, a saki su koma. Da haka hula ke kama kai ba tare da ta matse shi ba. Saƙar kwarashi, mai ƙugiya ɗaya, ta fi sauri da kauri, sai dai ramukanta manya ne, iska kan ratsa su. Ta dace da mayafi da jaka da kayan kwalliya. Idan da ita za a yi hular sanyi, to lalle ne a matse saƙar.

Zare iri uku

Sarrafa zare ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno a wajajen 1830 kuma ya rasu a can a 1837, ya hori shugabanni a littafinsa Usulus Siyasa da su ƙarfafa masu sana'a irin su maɗinka da marina da maƙera. Gurzar auduga da shiɓa da kaɗi da mazari sun daɗe suna cikin ayyukan matan ƙasar Sakkwato. Saƙar tsinke ta yaɗu ne a ƙarni na 20, ta hanyar darussan kula da gida a makarantun 'yan mata da azuzuwan matan aure. Amma ita ma tana da tsohon tarihi a Afirka: daga cikin saƙaƙƙun kaya mafiya daɗewa da aka tono akwai safar auduga mai fari da shuɗi daga Masar, ta tsakanin ƙarni na 11 da na 13.

Auduga gashin iri ce. Kowane silinta ƙwayar halitta ce guda ɗaya da ta yi tsawo, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 nata sinadarin selulos ne. Tana da taushi a fata, tana jure wanki da ruwan zafi. Aibinta shi ne idan ta jiƙe da gumi ko tumbuɗi sai ta manne a jiki, ruwa ya maye gurbin iskar da ke cikinta, ta koma mai jawo sanyi.

Ulu na ainihi gashin tunkiya ne, kuma da sinadarin keratin aka gina shi, kamar gashin mutum da farce. Silinsa a murɗe yake, yana kama iska sosai, yana kuma iya shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba a ji shi a jiƙe ba. Sai dai tumakin da ake kaiwa kasuwar Achida, wato Uda da Balami da 'Yankasa, gajeren gashi gare su mai santsi wanda ya dace da ƙasar zafi, ba a kaɗa shi. Tunkiyar ulu da aka sani a Afirka ta Yamma ita ce ta Masina a ƙasar Mali, wadda masaƙan Fulani ke yin barguna da gashinta.

Saboda haka mafi yawan abin da ake kira ulu a kasuwanninmu akirilik ne, zaren roba da ake samarwa daga sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayarwa a 1950 da sunan Orlon. Yana da araha da launuka masu kyau, yana saurin bushewa, asu ma ba ya cin sa, tun da keratin ne abincin tsutsarsa. Amma laimar da yake sha ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, don haka gumi kan tsaya a kan fata. Babban hatsarinsa wuta ce: yana saurin kamawa, ya narke, ya manne a jiki. A ɗakin mai jego, inda ba a rasa kaskon wuta a lokacin sanyi, wajibi ne a nisanta jaririn da ke sanye da shi daga garwashi.

Mai saye na iya gane zare da ashana guda. A yanki ɗan guntu, a riƙe da awartaki a waje, a kunna masa wuta. Auduga za ta ci da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu zai yi ƙaurin babbaka, ya mutu da kansa, ya bar baƙin abu mai murmushewa. Akirilik zai ƙanƙance ya narke da baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri.

Lissafin hula

Kewayen kan jaririn da ya cika wata tara yakan kai santimita 33 zuwa 35. Da yake saƙa tana talewa, ana yin hular ta gaza haka kaɗan, kamar santimita 32. Hannun kowace mai saƙa daban ne, saboda haka a fara da ɗan gwaji, a ƙirga idanun da suka shiga cikin santimita 10. Alal misali, idan an sami 20, to kowace santimita ido biyu ke nan, sai a ɗora 64 a kan tsinke. A yi bakin hular da saƙar biyu gaba biyu baya har santimita 4, domin ita ta fi kama kai, ana kuma iya naɗe ta a kan kunnuwa. Daga nan a ci gaba da saƙa miƙaƙƙiya har tsawon ya kai santimita 9 ko 10. Sai a raba idanun gida takwas, a riƙa haɗe biyu su zama ɗaya a ƙarshen kowane gida, ana tsallake layi ɗaya, har su rage takwas. A zura zare a cikinsu a tsuke, a ɗinke gefe, a bar ɗinkin ta waje don kada ya goge fata.

Kada a sa igiyar ɗaurewa a wuya, ko maɓalli da duwatsun ado da za su iya ɓallewa. A cikin safa kuma kada a bar silin zare yana reto, domin yakan naɗe ɗan yatsa ya tsayar da jini. Idan zaren akirilik ne, ya fi kyau a sa wa jariri 'yar hular auduga mai laushi daga ciki. A tanadi biyu, don a sauya wadda ta jiƙe.

Yaushe ya kamata hular ta iso?

A al'ada, yawancin kayan barka sukan taru ne a kwanakin da ke gab da suna, ko a ranar sunan kanta. Ilimin halittu kuwa ya nuna cewa awannin farko da kwanakin farko su ne mafiya hatsari. Hular da ta iso rana ta bakwai ta makara da mako guda, ko da yake a ranar ma tana da aiki, domin da safe ne wanzami ke yin askin suna, ya kwashe gashin da ke ɗan tare sanyi. Kunya takan hana mai cikin fari tanadin kayan jariri a fili, amma ba ta hana uwarta, wadda ake zuwa goyon ciki a gidanta, ko ƙanwa ko ƙawa, su saƙa su ajiye tun ciki yana wata bakwai. Buƙatar ta ƙara tsananta ga iyalan da rashin tsaro ya raba da gidajensu, kamar waɗanda suka fake a Gandi bayan harin ƙauyen Tabanni da ke ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, inda haihuwa kan zo wa mace a wurin da ba shi da ƙyaure.

Kammalawa

Hula ba ta maye gurbin ƙirjin uwa da nono, kuma yawan lulluɓi a lokacin bazara yana iya sa jikin jariri ya wuce digiri 37.5, wanda shi ma illa ne. Hanya mai sauƙi ta dubawa ita ce a taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannu. Idan duka biyun da ɗumi, lafiya lau. Idan ƙafa ta yi sanyi, a manna shi a jikin uwa, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Idan har cikin ma ya yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, sai a garzaya da shi asibiti yana manne a ƙirjinta. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ƙulli ɗaya na zare da aikin yini biyu sun isa a tarbi jaririn hunturu da hularsa tun daga daren farko.