Wa Ya Fi Wani Laifi? Hukuncin Mai Karatu a kan Taurarin Jiki Magayi

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a duba yadda mai karatu yake yanke wa taurarin littafin Jiki Magayi hukunci, da kuma ma'aunin da ya kamata ya riƙa a hannu kafin ya ce wane ne azzalumi, wane ne abin tausayi. Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu wata gardama ce da muka yi a gida Dauran lokacin hutu, bayan na ba wasu abokai labarin littafin a zaure. Matasan da ke wurin duk suka goyi bayan Abubakar, wai an yi masa fin ƙarfi. Wani dattijo da yake sauraro ya ce shi bai ga abin tausayi a wurin mutumin da ya bar abokin faɗansa ya koma kan yaro ba. Har aka kira sallar la'asar ba a daidaita ba.

Kamar yadda aka sani, littafin nan John Tafida, mutumin Wusasa, shi ya rubuta shi tare da Dokta Rupert East. Yana cikin littattafai biyar ɗin nan da suka biyo bayan gasar ƙaga labari da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, wato shi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A cikinsu shi kaɗai ne aka ɗora ginshiƙinsa a kan soyayya da neman aure, don haka ne wasu manazarta suke ɗaukarsa kakan littattafan soyayya na Hausa.

Labarin a taƙaice shi ne, a garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah ya hore wa dukiya amma bai ba shi haihuwa ba. Ya yi mafarki cewa in ya auri Zainabu zai sami ɗa, alhali kuwa Zainabu tana da masoyi, Abubakar, wanda suka daɗe da fahimtar juna. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da Malam Shehu. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ya sha wuya iri iri a daji kafin ya samo asirin da ya ke nema. Da ya komo sai ya sauke shi a kan ɗan da aka haifa, Kyauta. Yaro ya lalace ya zama gawurtaccen ɓarawo, kunya ta kori uban daga gari, daga bisani kuma Kyauta ya shiga wani gida sata ya kashe mai gidan, bai san mahaifinsa ba ne.

To, idan za mu auna waɗannan mutane, da wane mudu za mu auna su? Ina ganin mudu biyu ne a hannun Bahaushe. Na farko shi ne abin da al'ada ta ke kira kirki. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi a Jami'ar Indiyana ta Amurka, wadda aka buga a 1974, ya tattaro siffofin mutumin kirki, kamar su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da adalci. Na biyu shi ne shari'a, musamman fiƙihun Malikiyya wanda malamanmu na zaure su ke karantarwa a Risala da Muhtasar.

Mu fara da Malam Shehu. Ba za a ce son haihuwa laifi ne ba, balle a ƙasar da ake ganin wanda ya mutu bai bar baya ba kamar bai zo duniya ba. Duk wanda ya san irin habaicin da marar ɗa ya ke sha, daga dangi har abokan wasa, zai ji wa wannan mutum tausayi. Amma kuma bukatarsa ta rufe masa ido har ya daina ganin mutane a matsayin mutane. Zainabu a wurinsa hanya ce kawai ta samun magaji. Da mafarkin ya nuna masa wata yarinya dabam, can zai nufa. Abubakar kuwa bai ma ɗauke shi wani abin lura ba, tun da talaka ne. A shari'ance abin da ya yi shi ne nema cikin nema, kuma an hana shi matuƙar an riga an karkata ga mai neman farko. Malaman Malikiyya har sun ce a raba irin wannan aure in ba a riga an tare ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a labarin babu wanda ya iya tsayawa gaban attajirin ya hana abin faruwa. Wannan shiru na mutanen Galma, a ganina, yana cikin manyan abubuwan da littafin ke tona wa asiri, domin zaluncin mai kuɗi ba ya tafiya sai ya sami masu share masa hanya.

Sai Abubakar, wanda a kansa ne gardama ta fi zafi. Marubutan sun yi dabara ƙwarai, domin sun fara sa mu mun ƙaunace shi kafin su nuna mana abin da zai zama. Mun gan shi an raba shi da wadda yake so, mun bi shi cikin daji muna jin wahalarsa a jikinmu, har mai karatu yakan sami kansa yana yi masa fatan ya dace da abin da ya fita nema, ya manta cewa abin nan mugun abu ne. Wannan tarko ne, kuma matasan zaurenmu duk sun faɗa ciki. Idan aka natsu za a ga cewa tun ranar da ya sa ƙafa ya bar Galma, soyayya ta riga ta mutu a zuciyarsa, gayya ce ta gaje ta. Hujja kuwa ita ce, wa zai fi kowa shan azaba in Kyauta ya lalace? Ai uwar da ta haife shi, wato Zainabu ɗin nan da ya ce yana so. Mutumin da ya yarda ya ƙona zuciyar masoyiyarsa don ya huce haushi, to, kansa ya ke so tun asali. Bugu da ƙari, fushinsa ba irin na ɗan lokaci ba ne wanda shari'a da al'ada sukan yi wa sassauci. Ya sami tsawon lokaci da nisan tafiya waɗanda za su ishi zuciya ta sanyaya, amma kowace wahala da ya sha sai ta ƙara masa ƙaimi. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, sai dai ba su ce a rama a kan wanda ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi laifin. Addini kuwa ya yanke magana cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin zunubin wani.

A nan yana da kyau mu leƙa adabin Ingilishi, domin akwai tauraron da ya yi kama da Abubakar ƙwarai, wato Heathcliff na littafin Wuthering Heights wanda Emily Brontë ta fitar a 1847. Shi ma wadda yake so, Catherine, ta bar shi ta auri mai hali, Edgar Linton. Shi ma ya ɓace shekara 3, ya komo da ƙudurin ramuwa. Ya auri Isabella, ƙanwar Edgar, don kawai ya gallaza mata, ya kuma riƙe Hareton, ɗan wanda ya wulaƙanta shi tun yana yaro, ya hana shi ilmi ya mai da shi bara a gidan ubansa. Har yau masu karatu a Ingila da Amurka suna gardama ko Heathcliff gwarzon masoyi ne ko kuwa mugu. Ban ce marubutan Jiki Magayi daga can suka ɗauko ba. Abin da nake nufi shi ne, cutar da aka yi wa mutum tana bayyana mana dalilin muguntarsa, amma ba ta wanke shi, ko a Yokshaya ko a Galma.

Matsayin Zainabu ya fi wuyar yankewa. Masu tsananta mata sukan ce kwaɗayi ya ja ta ta ci amanar alkawari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wace dama ce budurwa ta ke da ita a wancan zamani ta ƙi wanda iyayenta suka karɓi kayansa? Fiƙihun da muka ambata ɗazu shi ne dai ya ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, ko da yake an so a nemi yardarta. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya da cewa shirunta shi ne amsarta, ba adalci ba ne a auna ta da mudun da aka auna namiji attajiri mai cikakken ikon kansa. In tana da laifi, na rauni ne. Kuma a ƙarshe ita ce ta biya farashin da ya fi na kowa tsada: mijinta ya mutu, ɗanta ne ya kashe shi, tsohon masoyinta ne sanadi.

Shi kuwa Kyauta, tambayar da ke kansa ta malamai ce: wanda aka juyar wa hankali da asiri, ana kama shi da laifin abin da ya aikata? Mutanen da ya yi wa sata dai ba ruwansu da tarihin auren uwarsa, dukiyarsu suka sani. Amma littafin ya tsara shi ne a matsayin makami a hannun wani, kamar yadda Odifus na wasan kwaikwayon Girkawa ya kashe ubansa bisa rashin sani. Har sunan da aka laƙaba masa ma akwai gatse a ciki, domin kyautar da Malam Shehu ya tattake haƙƙin wani ya samo ita ce ta zama ajalinsa. Da yawa sukan tsaya a nan su ce alhaki ne ya kama shi, shi ke nan, an yi adalci. Ni ban gamsu da haka ba. Laifin nema cikin nema bai kai a biya shi da rai ba, kuma idan muka kira abin da Abubakar ya aikata sakayyar Allah, mun mai da mai asiri alƙali ke nan. Saboda haka in aka tilasta mini in jera su, Abubakar zan sa a gaba, Malam Shehu yana biye, sa'an nan iyayen Zainabu da sauran waɗanda suka ga ana danne talaka suka kau da kai. Ra'ayin dattijon nan na Dauran ke nan, wanda bai taɓa karanta littafin ba.

Wani abu da ya kamata a lura da shi shi ne, a Jiki Magayi maza ne su ke ja-in-ja, mace kuwa ita ce abin da ake jayayya a kai, ba kasafai ake shiga zuciyarta ba. Sai da mata suka ɗauki alƙalami wannan ya canza. A So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, budurwar ce da kanta ta ke tsayawa a kan wanda ta zaɓa. A Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu kuwa, na 1990, ta wajen Rabi mu ke kallon son kan Alhaji Abdu, mijin da ya kore ta da 'ya'yanta don ya faranta wa amarya. Wanda zai yi nazarin Zainabu a nan gaba zai amfana in ya ajiye waɗannan littattafai biyu kusa da shi, ya karanta su tare da na John Tafida.