Tarihin Tsohuwar Ƙofar da Kuɗinku Ke Bi ta Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Potiskum ran Laraba ya san ba kowane ciniki ake ƙirga kuɗinsa a hannu ba. Sau da yawa in an sallama, sai mai saye ya zaro ƙaramar waya wadda ba ta da intanet, ya danna alamar tauraro da 'yan lambobi, ya rufe da alamar gidan dara, watau #, kuɗi su bar bankinsa su faɗa na mai dabba. Wannan hanya ita ake kira USSD. Mutane da yawa suna zaton sabon abu ne, alhali kuwa ta girmi yawancin samarin da ke aiki da ita, kuma sanin asalinta zai taimaki mai karatu ya gane inda take da ƙarfi da inda take da rauni.

Abin da ke tsakanin wayarka da bankinka wata manhaja ce da ke zaune cikin na'urorin kamfanin waya, wadda ma'aikata ke kira ƙofa. Aikinta aikin tafinta ne. Na'urorin waya suna da yarensu na tun dā mai suna SS7, wanda da shi suke sanar da juna wa ke kira, ina yake, ko layi a buɗe yake. Kwamfutocin banki kuwa yaren intanet suke ji. Idan ka danna lamba, saƙon zai bi turken sabis zuwa cibiyar haɗa kira, a duba rajistar layuka, sa'an nan a miƙa wa ƙofa. Ita ce za ta juya shi zuwa yaren banki, ta karɓo amsa, ta sāke juyawa ta dawo maka da ita.

Ba domin banki aka ƙago ta ba. Ƙasashen Turai ne suka kafa kwamiti a 1982 domin su fito da tsarin wayar hannu guda ɗaya, wanda ya zama GSM, aka kuma yi kiran farko da shi a ƙasar Finlan a 1991. A zubin farko na wannan tsari, USSD 'yar taga ce kawai: waya ta aika tambaya ɗaya, a ba ta amsa ɗaya, magana ta ƙare. Kamfani ba shi da ikon fara magana, balle ya yi maka tambaya ya jira amsarka. Irin wannan aiki shi ne na duba ragowar kuɗin kati.

Zubi na biyu, na tsakiyar shekarun 1990, shi ne ya sauya al'amari. A cikinsa aka ba ƙofa ikon riƙe layi a buɗe ana kai-komo, ta ce danna 1 domin kaza, danna 2 domin kaza, ka amsa, ta sāke tambaya. Har wa yau aka ba kamfani ikon fara turo tambaya ga waya. Duk jerin zaɓin da kake bi kafin ka tura kuɗi, daga lambar asusu zuwa lambar sirri, ɗan wannan gyara ne. Abin lura kuwa shi ne masu tsarin ba su rushe na farko ba, ɗora sabon suka yi a kansa, yadda tsohuwar waya da sabuwa duk za su wuce. A ganina wannan dabara ta fi kowace amfani ga talaka, domin ba a taɓa tilasta masa sayen sabuwar waya kafin ƙofa ta karɓe shi ba.

Da aka zo zamanin 3G an tafi da ita yadda take. A zamanin 4G kuwa, wanda aka gina kacokan bisa yaren intanet, sai da aka rubuta mata wani sabon zubi. Duk da haka wayoyi da yawa kan sauka zuwa 3G ko 2G na ɗan lokaci idan an danna lambar, shi ya sa wani lokaci za ka ga alamar da ke saman wayarka ta canja.

A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar, Glo ya biyo a 2003. Da farko loda kati da duba ragowa kaɗai ake yi da ƙofar, kowane kamfani da lambobinsa. Daga baya bankuna suka shigo, kowanne da tasa: *737# ta GTBank, *894# ta First Bank, *919# ta UBA, *966# ta Zenith. An daɗe ana jayayya tsakanin bankuna da kamfanonin waya a kan wanda zai biya kuɗin hidimar. A Maris 2021 aka yanke Naira 6.98, a tsakiyar 2025 kuma aka koma cire kuɗin daga katin waya maimakon asusun banki. A 2023 aka haɗe lambobin kamfanonin waya suka zama bai ɗaya: *310# domin duba ragowa, *311* domin loda kati, *312# domin sayen data. A farkon wannan shekara ta 2023, sa'ad da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, jama'a suka yi wa ƙofar cincirindo, saƙonni da yawa suka riƙa maƙalewa.

To, sai dai tsufa yana da nasa. Saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 182, kuma idan ka yi jinkirin amsawa layin zai yanke, domin ba a ajiye saƙon kamar yadda ake ajiye tes. Wanda ya fi muhimmanci, an gina ta a zamanin da ba a yi tunanin dukiya za ta bi ta nan ba, saboda haka ba ta da irin kullen da manhajar banki ta babbar waya take da shi. Ƙofa ba ta ganin fuska. Layi ta sani, da lambar sirri. Wanda ya riƙe waɗannan biyu, a wurinta shi ne kai.

Saboda haka kada ka miƙa wa kowa wayarka tare da lambar sirri a kasuwa, ko da dillalin da ka saba da shi ne, kada kuma ka zaɓi shekarar haihuwarka ko 1234. Ka sa wa layinka kansa makullin lamba, yadda ba zai yi aiki a wata waya ba sai da ita. Idan an cire kuɗi ba su isa ba, kada ka yi gaggawar sāke turawa, ka fara duba ragowar asusunka. In waya ta ɓace, bankinka za ka fara sanarwa a rufe asusu, sa'an nan ka je ofishin kamfanin waya a toshe layin.